Jika Sha Biyar

Damina na bakin ƙofa,
kwanon ɗakina a Sura Bildi ya zama rariya.
Bara da roba bakwai na kwana,
ina kare ɗinkin mutane da bayana.

Mutum biyu suka zo ganin aiki.
Na farin da takarda cikin leda,
ya ce shi da yaransa suna da asiransi,
in wani ya faɗo, ba aljihuna zai ji ba.
Ya yanka jika sittin.
Na yi dariya har da tafi:
Malam, rufi na ce, ba bene ba!

Illa ya ce arba'in da biyar.
Ya zo da guduma, da tsanin aro,
da ƴar rediyo rataye a wuya.
Daren nan har tsire na saya wa yara
da murnar jika sha biyar.

Laraba da hantsi ina taka keke,
ƙusa na shiga, kwam, kwam, kwam,
sai wata ƙara da ba ta ƙusa ba.
Ashe azarar ta ruɓe tun zamanin mahaifina.
Rediyo na ƙasa tana sanarwar suna,
mai ita kwance,
ƙafa ta dubi inda ƙafa ba ta duba.

A asibiti takarda ke haihuwar takarda:
hoton ƙashi, allura, ƙarfe, gado.
Kowace sunana take nema.

Tsahara ba ta zage ni ba.
Da ta zaga, da na ji sauƙi.
Zama ta yi bakin benci da goyo,
ta tambayi likita a hankali, wata nawa?
Huɗu, in ji shi.
Baki shida ke ci daga gudumar mijinta.

Keken surfani ya tafi kasuwa,
ragon layya ya bi shi.
Maƙwabcina Hankurau ya ce ƙaddara ce.
Na ce ƙwarai,
faɗuwar ƙaddara ce,
amma ƙin takardar nan da bakina na yi.

Jiya hadari ya haɗo daga gabas.
Na jera robobi, bana tara ne.
Illa ya dogaro sanda ya zo gaisuwa,
muka zauna muna kallon rabin rufi.
Can ya ce, mutumin nan mai leda,
ka san inda ake yin irin takardarsa?