Babban Yatsan Fulmani

Ranar Laraba ake buɗe shagon rabo a Dumarkola.
Ni ne mai awo.
Maigidana Sahu ke riƙe da na'ura,
nawa sikeli ne da tsintsiya.

An ce doka ce ta taso daga Delhi:
kilo biyar ga kowane bakin da ke kan kati,
shinkafa ko alkama,
a kuɗin da bai kai na kofin shayi ba.
Ban taɓa ganin dokar da idona ba.
Buhunanta na sani,
na san nauyinta a gadon bayana.

Kafin hantsi layi ya kai gindin mangwaro.
Kowace mace da katinta ƙulle a leda,
cusa a ƙirji kamar laya.

Fulmani Kisku ce ta goma sha bakwai.
Ta haye rafi sau biyu kafin ta iso,
jikanta Somra na jan buhun taki da aka wanke.
Baki uku ne a katinta:
ita, da yaron,
da ɗanta da ya tafi Surat neman aikin masaƙa,
shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Ta ɗora babban yatsa a kan gilashi.
Jar wuta.
Ta goge a gefen sarinta, ta sake.
Jar wuta.
Sahu ya ce ta lasa. Ta lasa.
Ya ɗaga na'urar sama ta taga, yana farautar sabis
kamar mai roƙon ruwa.
Wata murya ta fito daga ciki, ta mace, mai ladabi:
a sake gwadawa.

Na kama hannun don in danna mata.
Sai na ga yatsan.
Sumul, kamar dutsen da ya kwana shekaru a ƙorama,
ko zane ɗaya babu.
Rani talatin da ɗaya tana buga bulo,
laka ta lashe mata shaida kaɗan-kaɗan
ba ta ce uffan ba.

"Na'ura ba ta san ki ba, Iya," in ji Sahu.
Ta dube shi,
shi da ta goya shekarar da zazzaɓi ya kwantar da uwarsa.
"Kai fa?"
Ya sunkuya kan littafi.
"Sanina ba ya shiga lissafi."

Ba ta yi kuka ba.
Ta juya ga bangon shagon,
inda damina ta ɓamɓare siminti,
jan bulo ya fito fili.
Ta bi shi da hannu, ɗaya bayan ɗaya,
yadda ake laluben kan yaro,
har ta tsaya a wani ɗan lotsi.
Ta sa yatsan, ya zauna daram.

"Ga shi nan inda na bar shi.
Kawo na'urar taka ta karanta."

Wata ta yi dariya a layi, dariyar ta mutu a hanya.
Sahu ya kira ta goma sha takwas.

Kada in wanke kaina.
Ni ma kullum nakan rage tafi guda daga kowane awo,
haka aka koya mini,
ranar da na ƙi, ranar zan nemi wani aiki.
Ruwa ba ya tsami banza,
kuma ni na san inda tsamin ya faro.

Da yamma na share ƙasa.
Abin da ya zube tun safe, da tsakuwa, da zaren buhu,
ya kusa kilo biyu.
Na same su a bakin rafi, tana naɗe sari za ta haye.
Ta karɓa ba godiya, ban kuma so godiyar ba.
Ta ce da Somra, "Idonka ya fi nawa, kai za ka tsince."

A littafi an rubuta: ba ta zo ba.
Kilo goma sha biyar na jingine a ɗakin baya,
suna jiran motar da ke zuwa bayan an kashe fitila.

Daren nan na kunna ashana
na duba nawa yatsan.
Zanen na nan tukuna.
Sai dai gefe guda,
inda igiyar buhu ke bi,
ya fara sulɓi.