Waƙar da Aka Naɗe Kifi da Ita

Ni ke riƙe da mabuɗan ɗakin ajiya
na gidan wasan garinmu, a bakin tekun Adiriyatik,
inda gishiri ke cin ƙarfe, asu ke cin labule.
Shekara talatin ina kaɗe ƙura
daga kan akwatin da ba mai tambayarsa.

A ciki Terenzio Spadoni yake kwance.
Ba gawarsa ba, wannan tana kan tudu, gindin zaitun.
Opera ɗaya tak da ya rubuta,
Fitilar Gishiri,
labarin matar da ke kunna wuta a hasumiya
saboda mijin da teku ya riga ya haɗiye.

Kwana uku ta yi a duniya.
Daren farko jarumin ya tashi da mura,
ya buɗe baki, sai kukan agwagwa.
'Yan kujerun sama, masu araha, suka hau fito,
wani ya jefo ɓawon lemo, ya faɗa bakin ƙaho.
Dare na biyu rufi ya yi yoyo a kan masu goge.
Na uku mutum goma sha ɗaya ne, har da uwarsa.
Wata jarida ta ba shi layi huɗu:
wai gishirin a suna ya tsaya, bai kai ga miya ba.

Bai sake ba.
Ya koma koya wa 'ya'yan attajirai fiyano,
ya mutu mai burodi na binsa bashi.
Mai gidan hayarsa ta auna tsakiyar littafin a sikeli
ta sayar wa masu kifi.
Shafi arba'in suka shiga gida-gida
rungume da sardin.

Bara wata malama ta zo daga Bologna,
Ombretta Ciaffi, da farar safar hannu,
ta ɗaga takardun kamar mai kwance miki.
Ta ce za a tashe ta.
Sai dai babbar waƙar, ta matar hasumiya,
tana cikin abin da kasuwa ta ci.
Layi biyu suka saura, daga nan sai yaga.

Ran wata Talata ta taɓa layukan a fiyano
ina durƙushe ina goge daɓe.
Sai na ji bakina ya karɓa,
ya tsallake yagar, ya ci gaba ba da izinina ba.
Ai na san ta!
Da ita kakata Zelinda ke rarrashina,
da ita matan unguwarmu ke ɗinke raga.
Mun ɗauka tare da teku aka halicce ta.
Wa ya sani? Ko ɗan mai kifi ne ya iya karanta ɗige-ɗigen,
ko mai wankin kayan wasa ce ta fito da ita a maƙogwaro
cikin dararen nan uku.

Malamar ta ce wannan ba hujja ba ce.
Ta faɗa sau biyu.
Sannan ta ce in maimaita, a hankali,
ta ɗauko fensir.

An ja labule a watan Satumba.
Da aka zo wurin, mawaƙiyar ta ja numfashi,
tsofaffin mata daga kujerun sama suka riga ta,
ƙasa-ƙasa,
kamar masu gudun kada yaro ya farka.

Wata jarida ta ce an tono lu'ulu'u.
Wata ta ce da an bar mamaci ya yi barcinsa.
Tsakani da Allah, kashi na uku ya cika tsawo,
ni ma sai da na yi gyangyaɗi.

Washegari na hau tudu, gwiwa na ƙara,
na ajiye masa sardin biyu
naɗe cikin takardar sanarwar wasan.
Ban kai ƙofar maƙabarta ba
kyanwa ta ɗauke.
Takardar ta bar masa.