Motar da Ke Hawowa Wofi

Shekara tara ina ofis a Huancayo,
Taswira a bango, jan layi daga tsauni zuwa teku,
Na ɗauka na san hanya.

Duk ƙarshen wata in tsaya a La Oroya da littafi,
Tirela nawa ta gangara Lima, nauyin kowacce nawa,
Dankali buhu nawa, ulu nawa, cuku nawa,
In rufe shafi, in ce na gama da lissafin kaya.

Sai ranar da ƙasa ta zame a Ticlio.
Ruwan Fabrairu ya kwance gindin dutse,
Laka ta haɗiye kwalta har da alamar kwana,
Motoci suka yi jerin gwano har ido ya gaji,
Tamu ta ofis ta maƙale a tsakiya.

Kwana biyu. Sanyi na cizon kunne,
Numfashi a wannan tsayi sai an lallashe shi.
Wani direba, Nicanor Paucar, ya matsa mini a kujerarsa,
Ya tsiyaya shayi a murfin kwano ya miƙo,
Ya ce, "Injiniya, na sha ganinki da biro a bakin titi.
Kin taɓa ƙirga mu muna dawowa?"
Na buɗe baki, na rasa amsa ta gaskiya.

Ya ce, "Dankalin Saturnina Ccanto ne a bayana.
In bai ruɓe ba, in sauke shi, in juyo,
Iska kaɗai nake hawowa da ita tsauni.
Man zuwa, man dawowa, duk a wuyan buhunta.
Takin da za ta zuba bana, wata motar ce za ta kawo,
Ta juye, ta gangara wofi, ita ma a biya ta.
Tsohuwa ɗaya, gona ɗaya,
Tana ciyar da mota biyu, kowacce rabin tafiya."

Da greda ta buɗe hanya ban yi barci ba.
Na ɗauko littattafan shekara tara na juya su,
Ashe shafi guda nake cikawa, na bayansa fari fat.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi,
Ni kuma ina gefe ina rubuta lambar taya.

Na nemi rumfa a Jauja. Rumfa kawai,
Da sikeli, da allo, da yaro mai amsa waya.
Mai dankali ya faɗi ranarsa, mai siminti ya faɗi tasa,
Mai gishiri, mai taki, mai kwanon rufi a Callao,
A haɗa mai sauka da mai hawa a gindin mota ɗaya.

Manya suka yamutsa fuska.
Gada suke so, gada tana kyau a hoto,
Wa zai yanka kyalle a ƙofar rumfa?
Dillalai suka daina gaishe ni a kasuwa.
Takardata ta kwana wata bakwai a aljihun tebur,
Na bi ta ofis-ofis kamar mai bin bashi,
Har wani ya gaji da fuskata ya sa hannu,
Bai ma karanta ta ba, ya ce in tafi lafiya.

Ban ce komai ya gyaru ba.
Ticlio na nan, kowace damina sai ya rufe baki.
Ɗakin sanyin da na roƙa, har yau tubali ne.
Maganar ɗora ma'adinai a jirgin ƙasa tana kan tebur.
Mota uku cikin goma har yanzu iska suke ɗauka,
Na sani, don yanzu ina ƙirga kowane ɓangaren hanya.

Saturnina ba ta san sunana ba.
An ce ta lura buhun taki ya sauka kaɗan,
Ta ce wataƙila 'yan Lima ne suka ji tsoron Allah,
Ta sayi kwano shida ta rufe ɗakin jikarta.

Jiya da yamma ina tsaye a La Oroya,
Wata tirela ta hawo tana nishi, a hankali, da kyar,
Bayanta ya lotsa, hayaƙi na bin ta.
Nicanor ya danna oda sau biyu bai tsaya ba.
Na rubuta a shafin baya: ta hawo da kaya.