Ɓauren Gidan Kaka Ermelinda

Makullin ya ƙi juyawa.
Sai da Amílcar magini ya ɗiga masa man zaitun,
ya kunna taba, ya jira, ya sake jira,
sannan ƙofar ta yi gunaguni
irin na tsohuwar da aka tasa tana tsakiyar mafarki.

Shekara goma sha tara
tun da muka kulle, muka bar duwatsun Bragança,
muka bi jirgin ƙasa zuwa Faransa neman abin kai wa baka.
Kalandar bango tana nan a watan da Kaka ta rasu,
ƙwari sun cinye makon ƙarshe.
Rufin madafa ya rufta,
sama ta leƙo ta wurin,
tsattsewa ta biyo bayanta, ta yi sheƙa
a jikin katakon da muke rataye albasa.

Lambu kuwa, ina lambu?
Sarƙaƙiya ta haɗiye shi har bakin rijiya.
Kwana tara ina sara, tana rama wa da ƙaya,
hannuwana duk zane kamar an yi rubutu an goge.
A rana ta goma na tarar da inabi,
kwance a ƙasa, baƙi ƙirin, na ce gawa ne.
Na karce bawonsa da farce,
sai ga kore shar.
Na zauna a kan dutse, ban san me ya sa ni kuka ba.

Mun sauke tayil ɗaya bayan ɗaya,
mun ware masu rai daga fasassu:
ƙwanƙwasa ka ji, in ji Amílcar,
mai lafiya amo gare shi, mai ciwo tari yake.
Mun shafa farar ƙasa sau uku, bango yana sha kamar mai azumi.
A dokin ƙofa na ce ya tsaya:
ga tsayina ina 'yar shida, ga na Duarte ƙanena,
Kaka ta tsaga da wuƙar yankan burodi.
Nan buroshi ya kewaye.

Sai maganar ɓaure.
Saiwarsa ta shiga ƙarƙashin katanga
ta ɗaga duwatsu kamar mai ɗaga murfin tukunya.
Amílcar ya auna, ya tofar da yawu:
ko katanga, ko ɓaure, Graciete, zaɓi ɗaya.
Ya jingine gatari a gindinsa ya tafi cin abinci.

Dona Zulmira ta leƙo ta kan shinge,
baƙin gyale, sanda, haƙori uku.
Ranar da aka haifi ubanki aka dasa shi, ta ce,
ni na riƙe bokitin.
Ku matso da katangar cikin kabejina,
taku biyu, nawa ba na magini ba.
Na ce nawa zan biya?
Kwando guda duk kaka, muddin ina numfashi.
Ta yi dariya: ba dogon bashi ba ne.

Shi ya sa in ka biyo ta hanyar coci
za ka ga katanga ta taho sambal,
ta yi ciki a wuri ɗaya, ta koma hanyarta.
Amílcar ba ya son a ce aikinsa ne.

Ba mu gama ba.
Kuɗi sun ƙare tun kafin matakala,
ruwan rijiya har yau warin ganye yake,
tagar madafa ba gilashi,
don 'ya'yan tsattsewa huɗu ba su iya tashi ba tukuna,
ni kuma na zo na same su ne.

Da dare nakan kunna fitila ɗaya.
Zulmira ta ce tana ganinta daga gadonta,
ta daina kwana da rediyo a kunne.
Makullin yanzu yana juyawa sumul.
Yana rataye a ƙusa, bayan ƙofa,
ya soma wata sabuwar tsatsa.