Ganuwa Biyu

Bayan la'asar, kusa da Ƙofar Guga,
inda ganuwa ta durƙusa ta zama tudun awaki,
na zauna da waya a tafin hannu
ina sarautar wani birni.

Da yatsa ɗaya na kafa shi a bakin kogi,
na ba shi kasuwa, na cika masa rumbu.
Na danna sau uku, katanga ta miƙe tsaye,
ba laka, ba gumi, ba mai ɗebo ruwa.
Birnin maƙwabta ya aiko mini da gishiri,
na yi godiya,
ina ƙirga māsunsa a ɓoye.

Baba Tasi'u magini ya leƙo ta kafaɗata,
ƙafarsa duk faso, yana warin jar ƙasa.
"Wa ya kwaɓa maka tubalin?"
Na ce babu kowa.
"Su wa suka bar gonarsu saboda aikin?"
Na yi shiru.

Ya ce a bakin kakarsa ya ji:
in damina ta ɗauke, gayya ake kira,
kowace unguwa da gaɓar bangonta,
har kafaɗa ta saɓule.
Da magariba a ja ƙyaure.
Wanda ya makara, shi da kura su sasanta.
Kano na can kudu tana kallonmu
kamar ɗan'uwan da ke bin ka bashi:
yau ciniki, gobe kibiya.

Na ce, "Ni in aka ci ni da yaƙi,
sai in koma jiya in sake shiri."
Ya yi dariya har da tari.
"Wanda ke da jiya a aljihu
ai bai san darajar ƙofa ba."

Caji ya yi ja.
Dakaruna na tsakiyar hanya allo ya mutu,
birnina ya tafi da rumbunsa da gishirinsa,
ba wanda ya yi kuka.

Sai ga amalanke ta fito daga gindin tudun,
shaƙe da ƙasa, jaki na nishi.
Na ce, "Baba, wace runduna ta rusa wannan?"
Ya daɗe yana sosa ƙeya.

"Ba runduna ba ce.
Kwando-kwando muka cinye ta.
Ɗakin da aka haife ka,
daga nan na ɗebo bangonsa."

Daren nan ban nemi caja ba.
Na kwanta na jingina baya da bango.
Da ɗuminsa.