Furen Naivasha

Ƙarfe biyar na asuba Kemunto ta zura takalmin roba,
ta bi sahun mata zuwa rumfunan leda a bakin tafki,
inda fure ke shan ruwa kafin mutum ya sha.

Almakashi a dama, ƙaya a hagu.
Kara dubu biyu kafin rana ta take.
Wanda ya gaza tsawon da aka auno daga Turai
sai kwandon shara, ita kuma a zaftare mata a albashi.
Warin feshin jiya bai bar maƙogwaronta ba.

Kakanta ganyen shayi ya tsinka wa Bature a Kericho.
Daren da aka sauke tuta aka ɗaga wata
ya taka rawa har takalminsa ya tsinke.
A ɗakin haya ya mutu.

Yanzu mai gona ba ya zuwa.
Sunansa haruffa uku a jikin allo,
gidansa akwatin wasiƙa a wani tsibiri.
Mai zuwa shi ne Mista Waiganjo,
ɗan ƙasa, mai kashi goma cikin ɗari.
Yakan sauke gilashin mota rabi ya ce:
"Mu yi haƙuri, 'yan'uwa.
Jari tsuntsu ne, motsi kaɗan ya tashi,
gobe ku ji ya sauka a Habasha."
'Ya'yansa na karatu a can inda furen ke zuwa.

Shugaban ƙungiya ya shiga ofis da takardar koke,
ya fito da makullin sabon babur.
In baki ya ci, ido ya ji kunya:
tun ranar ta bayan shago yake bi.

Da dare jirgi ya tashi daga Nairobi, cikinsa sanyi ƙalau.
Fure ba fasfo, ba layi, ba tambaya,
ya wayi gari a Amsterdam.
Ɗanta Ombati sau biyu yana neman biza,
kuɗin takarda kawai suka tsallaka.

Ran Asabar ta tsinci guda daga shara,
ja, mai ɗan karkataccen wuya,
ta soke a ɗankwali, mai gadi ya kau da kai.
A gida ta tsaya da gwangwani a hannu
tana duban jarkar da ta saya da safe.
Ga girki, ga wankin yara.
Ta ɗan jima.
Sannan ta tsiyaya masa rabin kofi.