Shafi na Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Kwana talatin aka ba mu a Santa Fe,
mu raba arzikin jiha, mu tashi,
kamar a miƙa wa mutum ludayi
a ce ya kwashe kogi kafin rana ta take.

Kundin kasafin ya fi bulo nauyi.
Tun Janairu nake saɓe da shi,
ƙanƙara na kwana a kan motata,
har kafaɗata ta hagu ta haddace shi.
A shafi na ɗari biyu da sha ɗaya,
layi na tara daga sama,
nan ƙauyenmu yake kwance:
dala dubu ɗari huɗu, gyaran bakin magudanar Las Tusas.
Layin bai kai tsawon ɗan alina ba,
amma gonaki sittin da uku ke shan ruwa a cikinsa.

Porfirio Maestas, mai rabon ruwa,
shekara saba'in da takwas, haƙora huɗu,
ya yi tuƙin awa biyu don maganar minti biyu.
Ya tsaya gaban kwamiti, hula a ƙirji,
ya ce, "Kakana ya haƙa ta da shebur.
Ba bara na zo ba, siminti nake nema."
Ƙararrawa ta datse shi.
Shugaba ya yi godiya, ido a kan waya.

Ina da ƙuduri nawa, shekara uku ina renonsa:
motar asibiti ga duk gundumar
da likita ya fi mata tafiyar awa guda.
Ban taɓa faɗa wa zauren dalili ba.
Eloy, mijina, a bayan a-kori-kura ya cika,
saura mil sha ɗaya,
tafina a ƙirjinsa,
ina ƙirga abin da ya daina ƙirguwa.

Kwana na ashirin da shida Stroud ya tare ni a matakala.
Ɗan kudu ne, ƙasar rijiyoyin mai,
ga fara'a, ga tuna sunan jikokin kowa.
Ya ce, "Eufemia, aljihun ba zai ɗauki duka ba.
Ko ruwan, ko motar. Ki faɗa mini gobe."
Ba mugu ba ne. Da ma mugu ne,
da na samu inda zan ajiye fushina.

A ɗakin haya mai warin tsohuwar gahawa
na shimfiɗa takardu biyu a gado,
ɗaya a inda nake kwanciya,
ɗaya a gefen da ba kowa.
Taura biyu ba ta taunuwa, na sani,
ban dai san haƙori kan yi ciwo da wadda ya tofar ba.
Na tambayi Eloy. Bai ce uffan ba.
Can da ma shi ba mai surutu ba ne.

Da safe na zaɓi ruwa.

Ranar ƙarshe, sha biyu daidai ake rufewa.
Ƙudurina na nan a jeri, na sha huɗu, don kara kawai.
Wani ya miƙe yana bayani kan launin lambar mota,
ya kurɓi ruwa, ya ci gaba,
ni kuwa ina kallon agogo yana cinye shekarata.
Guduma ta faɗi. Aka yi tafi. Ni ma na yi.
Sai a mota na buɗe shafin:
ɗari huɗun ta rame, ta koma ɗari biyu da hamsin.

Na tarar da Porfirio a bakin magudana yana fasa ƙanƙara.
"Nawa?"
Na faɗa.
Ya yi lissafi da leɓe, ya dubi dutse, ya dubi ruwa.
"Zai kai rabin bango. Saura mu jera duwatsu.
Motar fa?"
"Baɗi," na ce.

Ya miƙo mini shebur.
Na naɗe ƙudurin, na tura shi aljihun mota,
ƙarƙashin safar hannun Eloy,
na cire takalmin majalisa.